Kiristocin Dutse da Zancen Dogara ga Allah

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanki Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ta ce Dutse ce babban birni. Dutse ta wancan lokaci ƙaramin gari ce mai duwatsu da dabino, fadar sarki tana Garu, mafi yawan jama'a manoma. Kafin a ce kwabo ma'aikata sun kwararo daga Kano da iyalansu, 'yan sanda da 'yan kasuwa suka biyo baya. A cikinsu akwai Kiristoci: Ibo masu shagunan magani da kayan gyaran mota, Yarbawa masu sana'ar hannu, malaman makaranta da ma'aikatan jinya daga kudancin Kaduna da Filato da Bauchi. Ba su ne farkon masu bin Almasihu a wannan ƙasa ba, domin a ƙauyuka akwai Hausawa Kiristoci tun kafin a haifi jihar, akasarinsu jikokin Maguzawa, masu sujada da Hausa, masu noman gero da dawa da riɗi kamar kowa. A 1996 Cocin Angilika ta kafa dayosis a Dutse, Bishop Yusufu Lumu ya zama shugabanta na farko. A 2000 jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A Satumbar 2006 kuma, bayan wata gardama da aka ce an yi ɓatanci a cikinta, tarzoma ta ɓarke a garin, aka ƙone coci goma ko fiye, har da babbar majami'ar Angilika ta St. Peter, aka fasa shaguna, iyalai suka fake a wurin 'yan sanda, hukuma ta sa dokar hana fita.

Duk wanda ya zauna da Kiristocin Arewa ya san kalmomin da ke fitowa daga bakinsu a irin wannan rana: "Allah yana nan." "Ubangiji ya sani." "Mu dai gare shi muka dogara." Mai ji daga gefe yakan fassara su ɗaya cikin biyu. Ko dai ya ce maganar wanda ya rasa mafita ce ya saduda, ko ya ce maganar wanda ke jiran Allah ya biya shi diyya ce nan kusa, ninki biyu. Duka biyun kuskure ne, kuma ba na waje kaɗai ke yinsa ba, har daga kan mumbarin coci ana jin sa. Koyarwar Kirista ba ta yi wa mai bi alkawarin wahala za ta kauce masa ba, ko in ta zo za ta tafi da wuri. Abin da ta ba shi tabbaci a kai shi ne halin Allah: mai aminci ne ko al'amari ya warware ko bai warware ba. Wannan tabbacin ne yake ba mutum ƙafar tsayawa ya yi kukansa, ya nemi haƙƙinsa, ya sake aza tubali a inda aka rushe. In aka cire shi aka sa wani abu a gurbinsa, ko da abin ya fi daɗin ji, ranar gwaji ba zai riƙe kowa ba.

Kuskuren cikin gida ya fi cancantar a fara da shi, don shi ya fi yaɗuwa a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota daga Dutse zuwa Kano ya haura, kwanon masara da na shinkafa a kasuwar Shuwarin suka soma gagarar ƙaramin ma'aikaci, sai kasuwar wani irin wa'azi ta buɗe. A waya ake kallonsa, a tarukan kwana ake jinsa. Mai wa'azin zai ce ka "shuka iri", wato ka kawo kuɗi, Allah zai mayar maka ninki ɗari kafin wata ya mutu. In wata ya mutu ba ka ga komai ba, to bangaskiyarka ce ta yi ƙaranci, ko akwai zunubin da ka ɓoye. Gwauruwar da ta ba da kuɗin cefanen marayunta takan koma gida da asara biyu: hannu wayam, zuciya kuma tana tuhumar kanta. Abin mamaki, Littafi Mai Tsarki ya keɓe littafi guda sukutum don rushe wannan tunani, wato littafin Ayuba. Zargin da Shaiɗan ya kawo tun a babin farko shi ne Ayuba yana tsoron Allah ne don ribar da yake samu, a taɓa dukiyar a gani. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo ta'aziyya suka ɓige da tuhuma, cewa ba a shan irin wannan azaba sai da laifi. A ƙarshen littafin su ne Allah ya tsawata wa, ya ce Ayuba, mai ƙorafin nan da ya la'anci ranar haihuwarsa, shi ne ya faɗi gaskiya game da shi. Wani zai ce ai an mayar wa Ayuba dukiyarsa ninki biyu. An mayar. Amma 'ya'yansa goma da gini ya faɗa wa ba su tashi ba, kuma har littafin ya ƙare ba a gaya masa dalilin abin da ya same shi ba.

Ba Ayuba kaɗai ba ne. Samarin nan uku na littafin Daniyel, Shadrak da Meshak da Abednego, sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon ceton su daga wutar, sannan suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Ƙarin nan shi ne ƙashin bayan maganar. Annabi Habakuk ya rufe littafinsa da lissafin shekarar da manomi ke tsoro, itatuwa ba 'ya'ya, gonaki ba amfani, garke ba dabba, ya ce duk da haka zai yi murna da Allah. Babi na 11 na Ibraniyawa, wanda ake yawan karanta rabinsa na farko a tsaya, ya ci gaba da ambaton waɗanda aka jajjefe, aka daddatse, aka kashe da takobi, ya sa su sahu ɗaya da waɗanda suka ci nasara. Manzo Bulus ya roƙi a cire masa wata ƙaya da ke jikinsa sau uku, ba a cire ba. Yesu kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa abin da ke gabansa, da gari ya waye aka kai shi gicciye. Kiristan Arewa ba ya bukatar komawa zamanin dā kafin ya ga misali. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na cocin EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika a Adamawa, bayan Boko Haram ta fitar da bidiyonsa yana cewa bai karaya ba, domin komai yana hannun Allah. An yi masa addu'a a faɗin ƙasar nan, bai dawo ba. Leah Sharibu, wadda aka sace tare da 'yan matan makarantar Dapchi a Yobe ranar 19 ga Fabrairu, 2018, an sako 'yan uwanta bayan wata guda aka riƙe ta, kuma 'yan matan da suka dawo sun ce don ta ƙi barin addininta ne. Duk wa'azin da ba zai iya ambaton waɗannan sunaye biyu ba tare da ya ji kunya ba, bai kamata a saurare shi ba.

Tarihin yadda bishara ta shigo ƙasar Hausa ma haka yake, ko da yake a bukukuwan cika shekaru an fi son ba da labarin ƙarshensa. Mutum uku da suka fara abin da ya zama mishan ta SIM, uwar cocin ECWA, sun sauka Legas a 1893. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Walter Gowans a Girku, Thomas Kent a Bida, Rowland Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Sai a 1902 suka iya kafa tasha a Patigi. Amma labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Isawa. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa matsayin da malaman gari ba su yarda da shi ba. Aka kashe shi, almajiransa suka watsu, da yawansu suka nufi ƙasar Ningi mai iyaka da Birnin Kudu da Gwaram. Ba Kiristoci ba ne a lokacin, ba su taɓa ganin mishan ba. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka iske Dokta Walter Miller na mishan ta CMS a Zariya, suka karɓi bishara, aka samar musu wurin zama a Gimi, ƙarƙashin kulawar wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. Suka sare daji, suka gina gidaje da makaranta da majami'a. Ga mutanen da suka yi shekaru suna ɓuya, wannan shi ne amsar addu'a a fili. Cikin 'yan shekaru ƙudan tsando ya kawo ciwon barci, ya yi ta ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, har aka bar garin kango, waɗanda suka rage suka koma Zariya.

An saba ƙarasa wannan labari da Wusasa, inda mishan ta CMS ta koma a ƙarshen shekarun 1920, inda aka samu makaranta da asibiti, al'ummar da ta fitar da Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, sannan ga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Miller ya yi wa aiki mai yawa. Sai a ce, kun gani, Allah ya juya baƙin ciki ya zama alheri. Akwai gaskiya a ciki, amma mai hankali yana da damar ya tsayar da mu ya tambaya: waɗanda aka binne a Gimi fa? Uwar da ta ga ɗanta yana gyangyaɗi da rana tsaka har ya daina farkawa, me Wusasa ta amfana mata? Tambayar tana kan hanya, kuma ina ganin kuskure ne a amsa ta da lissafin riba. In ingancin dogara yana rataye ne a kan a ga kyakkyawan ƙarshe a duniya, to masu labarin nasara kaɗai ke da hujja, matattu ba su da baki. Abin da Gimi ta tabbatar ƙarami ne amma ya fi ƙarfi: waɗanda suka tsira, da suka ga alkawarin da suke zato ya rushe a gaban idonsu, ba su koma inda suka fito ba. Da don amfanin duniya suka shiga, da ciwon barci ya ishe su dalilin fita.

Sai kuma ƙorafin da ke zuwa daga wani ɓangare dabam. A ƙasar da ta sha siyasar NEPU da PRP, inda Malam Aminu Kano ya koya wa talaka ya tambayi mai mulki dalili, ba a rasa mai cewa duk wannan zancen dogara maganin barci ne da ake ba talaka don kada ya motsa. An cuce ka, ka ce Allah ya sani, azzalumi ya yi hamdala. Ba za a ce ƙorafin ba shi da tushe ba; an yi amfani da kalmar haƙuri an rufe bakin mutane da yawa, a coci da wajen coci. Sai dai mutanen da Littafi ya kafa a matsayin masu dogara ba haka suka yi ba. Da Yusufu ya gane yunwar shekara bakwai tana tafe, bai ce a yi azumi a zauna ba, ya ce wa Fir'auna a naɗa wakilai a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a rumbuna. Nehemiya, da yake sake gina garun Urushalima maƙiya na barazana, ya yi addu'a ya kuma sa masu gadi dare da rana. Bulus, da aka yi masa bulala a Filibi ba shari'a, washegari mahukunta suka aiko a sake shi a ɓoye, ya ƙi fita, ya ce shi ɗan ƙasar Roma ne, su zo da ƙafarsu su fitar da shi. Daga baya ma ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. Saboda haka da cocin Arewa suka soma kafa shinge a ƙofa, samari suna bincika jakunkuna, bayan harin Madalla na Kirsimetin 2011 da wanda aka kai wa masu sujada a Jami'ar Bayero a Afrilun 2012, ba raunin bangaskiya ba ne. Haka kuma batun fili. A Janairun 2017 hukumar tsara birane ta rushe coci biyu a Dutse, ta ce an gina su ba izini, shugabannin Kirista kuma suka ce izinin ne ba ya samuwa. A irin wannan, dogara ga Allah tana nufin a rubuta takardar neman izini, a ajiye kwafi, a bi sawu ofis-ofis, a tuna wa hukuma sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 wanda ya ba kowa 'yancin addini, in ta kama a je kotu, kuma a yi duk wannan ba zagi ba jifa. Maƙwabtanmu Musulmi sun san wannan ƙa'ida sarai, domin malamansu ma suna koyar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi.

Wannan ƙa'ida ta shafi har bala'o'in da ba sa tambayar addinin kowa. A daminar 2022 ruwa ya cinye gonaki da gidaje a Ringim da Taura da Miga da Auyo da Kafin Hausa har zuwa Haɗeja, mutane suka koma makarantun firamare da tabarmi da tukwane. Ruwan sama na Allah ne, amma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin Kogin Haɗeja, da yadda ake sarrafa ruwan madatsun Tiga da Chalawa, da gina gidaje a kan hanyar ruwa, duk aikin mutum ne, mutum kuma ake tambaya. Wanda ya ce kada a yi maganar yashe kogi domin ƙaddara ce, ya jingina wa Allah sakacin bayinsa. Daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru kwasar mai a lokacin da lita ta kai wajen naira 1,000, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, aka yi musu kabari na bai ɗaya. A irin wannan rana ba a rasa masu saurin yanke hukunci, su ce alhaki ne, su ce kwaɗayi ne Allah ya kama. Kirista ba shi da wannan damar. A babi na 13 na Luka, Yesu ya ɗauko labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya tambayi masu sauraro ko suna tsammani waɗannan sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya amsa da kansa cewa a'a. Wanda ya yarda da wannan, aikinsa a Majiya shi ne ba da jini a asibiti da zuwa ta'aziyya, da tambayar yadda aka yi talauci ya kai matashi ga tsugunawa da bokiti a gindin tankar da ta kife.

Akwai kuma wata al'ada da ke neman shiga coci wadda ya kamata a yi mata burki, wato hana kuka. An yi rasuwa, uwa ta fashe da kuka, sai wani dattijo ya matso ya ce, "Haba 'yar'uwa, ina bangaskiyarki?" Kamar hawaye shaidar kafirci ne. Alhali wani babban kaso na Zabura koke-koke ne, wasu ma da zafin da in mutum ya furta irinsa a taron addu'a na ranar Laraba za a dube shi. Zabura ta 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ko ɗigon sassauci a ƙarshenta, kuma an bar ta a cikin Littafi. Akwai littafi guda mai suna Makoki. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. A nan matan coci sun fi malamansu fahimta. Ka duba Zumuntar Mata in sun je gidan makoki: sun ɗaura zane iri ɗaya, ɗaya ta rungumi tulu tana buga bakinsa da tafin hannu yana ba da amo mai zurfi, wata na kaɗa kacau-kacau, suna rera waƙa a hankali, mai makokin tana tsakiyarsu tana kukanta ba wanda ya ce ta yi shiru. A bayan gida wasu sun riga sun hura wuta sun ɗora tukunya, wata ta kwashe yaran ta kai gidanta. Ba su zo da bayani ba. Wanda yake kai ƙara ga Allah, ko da murya ta ɗaga, har yanzu yana magana da shi. Wanda ya daina dogara shi ne wanda ya daina kai ƙarar.

Tambaya mafi nauyi tana nan dai ba ta gushe ba: in Allah mai iko ne kuma mai ƙauna, me ya sa ya bari? Me ya sa bai kashe wutar St. Peter ba, bai hana ƙudan Gimi ba? Masana tauhidi sun yi ƙarnuka suna kai-kawo a kanta, suna maganar 'yancin zaɓi da aka ba ɗan Adam, da lalacewar da zunubi ya jawo wa halitta, da gajartar ganin mutum. Kowace amsa tana da amfaninta, amma babu wadda za ka kai wa mahaifin da ya rasa 'ya'ya biyu a dare ɗaya ya ce ta wadatar. Gaskiyar magana, addinin Kirista bai ba da cikakken bayanin kowace masifa ba, kuma faston da ya ce ya san dalilin mutuwar ɗan wani ya wuce gona da iri. Abin da addinin ya ajiye a wurin bayani shi ne gicciye da tashi daga matattu. Mai bi ya gaskata cewa Allah bai tsaya daga nesa yana kallon wahala ba, a cikin Almasihu ya shiga cikinta, aka yi masa shari'ar zalunci, abokansa suka gudu, ya mutu, a rana ta uku ya tashi. A nan Kirista da Musulmi suka rabu a aƙida, kuma ba laifi a faɗi haka a fili cikin mutunci. Amma duk mai son gane dalilin da ya sa Kirista ke cewa Allah mai aminci ne alhali yana tsaye a kan toka, sai ya gane cewa hujjarsa ba daga abin da ya faru jiya take ba. Daga wancan abin da ya gaskata ya riga ya faru take, shi ya sa labarin jiya ba ya iya soke ta. Mai shakka yana iya ƙin yarda da tushen, wannan haƙƙinsa ne, amma ba zai ce ginin bai dace da tushensa ba.

To a zauna ko a tashi? Duk lokacin da aka yi rikici a wani garin Arewa, wasu iyalai sukan ɗaure kaya su koma garuruwansu, kuma ba mai ikon ɗora musu laifi. Yusufu da Maryamu ma sun gudu da jariri Yesu zuwa Masar. Sai dai Bahaushe Kirista na karkarar Jigawa ba shi da wani gari da zai koma, nan ne gonar kakansa. Shi da duk wanda ya zaɓi zama, nassin da ya fi dacewa da su shi ne wasiƙar da Irmiya ya aika wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila. Wani annabin ƙarya yana cewa shekara biyu kawai za a yi a koma gida. Irmiya ya ce shekara 70 ce, don haka su gina gidaje, su dasa itatuwa, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar garin da suke ciki su yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce tasu. Shi kansa, sojojin Babila na kewaye da Urushalima yana tsare, ya sayi gona a Anatot, ya auna azurfa, ya kira shaidu, ya sa aka adana takardar a cikin tulu. Manomin Kiyawa ko Jahun da ke yin binne ya san wannan hali: yana zuba irin geronsa cikin busasshiyar ƙasa tun hadari bai haɗu ba, ya san yayyafi kaɗan na iya tsirar da shi rana ta ƙone, ya san kuma wanda ya jira tabbas damina za ta wuce shi. Haka mishan ta SIM ta yi a ƙasar Kano lokacin da aka taƙaita mata wa'azi a masarautu: ta karɓi jinyar kutare a Yadakunya daga ƙarshen shekarun 1930, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ta kafa makaranta a Roni, kuma mafi yawan waɗanda suka amfana da asibitocin Musulmi ne. Umarnin Irmiya kuma ya rufe ƙofar ramuwa. Ba ka iya yi wa gari addu'ar zaman lafiya da safe ka ɗauki man fetur da ashana da yamma. Malamin makaranta Kirista da ke koyar da 'ya'yan Musulmi lissafi a Takur ko Fagoji, da ma'aikaciyar jinya da ke kwana a ɗakin haihuwa, suna cika umarnin Irmiya ko sun sani ko ba su sani ba.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne, ba a ɗora wa mutum ɗaya wannan kaya shi kaɗai ba. Akwai ranar da mai bi ba ya iya addu'a, bakinsa ya yi nauyi, sai 'yan'uwa su yi a madadinsa. Kuma sau da yawa amsar addu'ar mai yunwa tana cikin rumbun ɗan'uwansa. Da aka yi annabcin yunwa a zamanin Kalaudiyas, ikilisiyar Antakiya ta tara gudummawa kowa gwargwadon ƙarfinsa, ta ba Barnaba da Bulus su kai Yahudiya. A cocin ƙauye, ranar godiyar kaka, za ka ga dammunan gero da dawa jingine a gaban bagade, ƙwaryar wake, buhun gyaɗa, kaza ɗaure da tsumma a ƙafa. Daga wannan tarin ne mai bishara zai ci har wata kakar, daga nan ake taimakon gwauraye. A shekarar da ruwa ya ci gona tarin yakan ragu ya koma 'yan dammuna, kuma a shekarar ne masu bukata suka fi yawa. Cocin cikin Dutse, inda ake da ma'aikatan gwamnati da malaman Jami'ar Tarayya da aka buɗe a 2011 da 'yan kasuwa, su ne Antakiyar waɗannan ƙauyuka. Kafin kwamitin gini ya amince da sabon tayil ko manyan lasifika, ya dace dattawan ikilisiya su aika a dubo halin da masu bishara na karkara suke ciki, musamman a watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, kuɗin makarantar yara kuma yana tafe a Satumba.